Dashen Kabeji a Fadamar Danchadi

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokaina biyu, a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Labari ya iso mini cewa ruwa ya ɗauke da wuri bana, geron kawuna na Danchadi ya ƙone tun bai yi ido ba, kuma manyan 'ya'yansa suna shirin tafiya cin rani. Na ce sai na gani da idona.

Kafin Bodinga motar ta yi ta mutuwa muna turawa. A tasha muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai tuya ko shi ma tsuke bakin aljihun gwamnati ya shafe shi. Mai shayi kuwa ya ce rabonsa da gwangwanin madara tun kafin azumi.

Daga nan zuwa Danchadi, hagu da dama kara ne tsaye babu zangarniyar kirki. Amma muna gangarawa fadama sai ga kore shar, fangali-fangali, kamar wata ƙasa muka shiga.

Kawu muka tarar a bakin rijiya yana jan jigo. Injin ban-ruwan da shi da maƙwabtansa suka haɗu suka saya ya lalace, kayan gyara sun gagara, sai suka koma ga na kakanni.

"Lale da mutanen birni!" in ji shi. "Kun zaka daidai, yau munka sa ranar dashe."

Muna zaune a inuwa ya yi mana bayani. Kabeji da latas sanyi suke so, amma wanda ya jira sanyi kafin ya yafa iri, zafi zai dawo ya riske shi. Don haka tun cikin zafin kaka ake renonsu a ƙarƙashin rumfar kara, ana ba su ruwa safe da yamma, sanyi ya zo ya same su da ƙarfinsu. Bana rana ta cinye renon kabejin farko, ga iri ya yi wuyar samu. Ashe matarsa, wadda muke kira Inna, ta rage kaɗan ta yafa a fasassun tukwane bayan rumbu, tana korar kaji da awaki. Su ne suka rayu.

"Da na hwaɗa mai, da duk ya zuba shi rana guda," ta ce. Kawu ya yi kamar bai ji ba.

Bayan la'asar muka shiga dashe. Kowane tsiro a cire shi da ƙasarsa, a dasa, a danna, a bi shi da ruwa. Ban gama fangali ɗaya ba bayana ya ƙage. Babban ɗan kawu yana aiki gefena fuska ba walwala, don shi har yanzu hankalinsa yana kudu.

Washegari muka bi ta Lambara zuwa kasuwar Shagari, shi ma ya biyo mu neman motar tafiya. Can muka ga wani mutumin Kajiji ya iso da latas na farko a kan babur. Kafin ya kwance igiya mata masu kwaɗo sun kewaye shi, kwando ya zama wayam. Mun ci kwaɗon da ƙuli-ƙuli da albasa, sanyinsa har ƙoƙon rai. Ɗan kawu ya daɗe tsaye yana kallon mutumin. Daga nan ya wuce tashar mota bai tsaya ba, ya nufi rumfar masu igiya, ya sayi sabon guga.

Mun dawo gida bayan magariba, a gajiye liƙis. Na tafi da niyyar yi wa mutane jaje, sai na tarar ba su da lokacin karɓarsa. Damina ta juya musu baya, su kuwa tuni suka fuskanci rijiya.