Wanda Ya Ci Shi Ke Riƙe Tsumagiya

A firamaren da na yi, a wani ƙauye da ke gefen dam ɗin Tiga, malaminmu na lissafi a aji biyar yana da doka guda. Idan ya jefa tambaya, duk wanda ya kasa zai miƙe tsaye, wanda ya ci kuma shi zai karɓi tsumagiya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bibbiyu a tafin hannu. Wai don mu yi zuciya. Zuciya kam an yi ta, sai dai a kaina ta ƙare.

Ni ce mai ci kusan kullum, kuma har yau ban ga abin alfahari a ciki ba. Kafin Malam ya gama rubutu a allo amsar ta riga ta zauna mini a ka, ga shi ban iya riƙe baki ba. Idan na sassauta hannu sai ya ce, "Ke, shafa su na ce ki yi?" ya karɓa ya gwada mini a nawa tafin. Da haka na koyi wani duka mai ƙara marar zafi sosai, in sauke tsakiyar tsumagiyar maimakon bakinta.

To amma wa zai so mai dukansa kullum? Idan an fita tara na nufi inda ake carafke, sai wasan ya mutu. "Ga Malama nan," wata za ta ce, su tattara duwatsunsu. Sai in koma gindin darbejiya in ci awarata ni kaɗai, ina yi kamar ban damu ba, alhali na damu ƙwarai.

Mutum ɗaya ce ba ta guje ni ba, wata 'yar masunta da muke benci ɗaya. Ta girme ni da shekara biyu, lissafi ba ya shiga kanta ko da za a fasa shi, amma ba kifin da ba ta san sunansa ba. Tare muke komawa gida ta bakin kanal tana tsokanata: "Ke da kika san komai, kwaɗi nawa ne a ruwan nan?" Ita ma tana shan bibbiyunta a hannuna, ta hura tafinta ta yi dariya. A zango na biyu dariyar ta fara raguwa. Wata rana da aka tashi ta ce in yi gaba tana zuwa, na waiga na hango ta cikin sauran 'yan mata. Hankalina ya tashi, don in ta tafi ba ni da kowa.

Sai na ƙulla abin da zan yi. Ran wata Laraba Malam ya rubuta lissafin rabawa, ya bi layi, kowa na kasawa yana miƙewa. Ya iso kaina har ya fara miƙo mini tsumagiya, na ce, "Ban sani ba, Malam," na miƙe ni ma. Amsar na bakina kamar garwashi, amma daɗi nake ji, yau ga ni tsaye tare da kowa.

Malam ya janye tsumagiyar. Sannan ya ce, "To, tunda yau babu mai ci, ni na ci." Ya naɗe hannun riga. Mutum ne da ke wuni da garma ranar Asabar, kuma bai tsaya a biyu ba, hurhuɗu ya yi mana. Ajin ya kaure da kuka. Na sha nawa ina cije leɓe, ina jiran a ce yau kam ta zama tamu.

Ba wanda ya ce haka. Wani yaro ma tsaki ya ja mini da aka tashi. Ƙawata ta tare ni a bakin ƙofa, ta soke hannunta na dama a hammatarta, ya kumbura suntum.

"Kin san amsar, ko?"

"Ai saboda ke na yi," na ce.

"Saboda ni?" Ta dubi hannunta. "To don Allah kar ki ƙara. Gobe ki amsa. Dukanki ya fi sauƙi."

Da da faɗa ta faɗa, da na rama, don bakina ba ya mutuwa. A hankali ta faɗa, irin yadda ake roƙon wanda ba a saba da shi ba, ta wuce. Na yi kuka tun daga makaranta har gida, a gida na ce bulala ce.

Washegari Malam ya rubuta tambaya, suka kasa, suka miƙe. Na ɗaga hannu, na ji ajin gaba ɗaya ya sauke numfashi. Na ci, na karɓi tsumagiya. Da na zo kan ƙawata sai ta miƙo mini hagu, don na daman bai sace ba, idonta na kan allo. Na yi mata biyu na wuce kan na gaba.