Keken da Likita Yake Nufi

Ku da kuka san Baffa Sale kun san bai taɓa kama birki ba. Tun daga bakin kasuwar Gaya zai sauke ƙafa yana jan silifa a ƙasa, har keken ya gaji ya tsaya don kansa, wani lokacin a ƙofar gidan da ba nan ya nufa ba. In an yi masa magana sai ya ce birki na ranar larura ne. Har ya bar duniya ranar ba ta zo ba.

Ni tela ne, ɗan ƙaninsa. Ciwon suga ne ajalin mahaifina, sai da aka yanke masa ƙafa sannan ya cika. Da na haura arba'in ciwon ya biyo ni, tafin ƙafata ya fara zama kamar na aro. Likita ya ce in rage tuwo, in riƙa taka keke kullum. Wallahi na ji daɗin wannan magani. Na koma shago na tara ɗinki har da na maƙwabta, ina takawa daga safe zuwa magariba, ina gaya wa mutane umarnin likita nake bi.

Labari ya kai wa Baffa. Ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallo.

"Habu, shekara nawa kana taka wannan keken?"

"An daɗe, Baffa."

"Ina ya taɓa kai ka?"

Washegari ya turo mini tsohon kekensa, wanda faci ya fi tayar yawa. Rabona da keken hawa tun ina firamare, shi ma faɗuwa ɗaya na yi na haƙura. Ga ni ƙato da furfura a gemu ina tangaɗi a bayan gari, shi yana zaune a inuwa, ya ƙi riƙe mini, wai ƙasa ba ta taɓa ƙin karɓar kowa ba.

Da na fara iya miƙewa sai ya ɓullo da aike, don ya san ba na iya ƙin aiken uba. Farko bakin layi, sayen goro. In na kawo ya ce ya bushe, in mayar. Daga nan bakin kasuwa, daga nan gonarsa, in dubo ko tana nan. Kullum sai ya ɗan ƙara nisa, bai taɓa cewa motsa jiki ba ne. Ranar da ya aike ni garin Balan in gaida amininsa Malam Iro, na dawo cinyoyina na rawa, ya tambaye ni me Malam Iro ya ce. Na ce yana amsawa.

"To, ran Laraba ka koma ka ce masa na ji."

"Baffa, ga waya fa."

"Waya ba ta da suga."

Raina ya ɓaci, na jingine keken na koma shago. Bai yi mini faɗa ba. Zuwa ya yi ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙafafuna, har na tsargu. Can ya ce, "Ni na ɗauko takalmin ubanka daga asibiti, ƙafa ɗaya, na rasa inda zan kai shi. Ba zan ɗauko naka ba." Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Da yamma na hau.

Bara ya kwanta ciwo, 'yarsa Hajara ta ɗauke shi zuwa gidanta a Ajingi. Na je duba shi a kan acaɓa. Ina yin sallama ya juya fuska bango, ya ce wa Hajara yana jin warin fetur a ɗakin. Ko gaisuwata bai amsa ba. Na fito ina dariya, amma zuciyata ba daɗi, don Ajingi ta fi duk inda na taɓa kaiwa nisa.

Na shiga gwaji. In kama hanya, numfashi ya ƙare, in juyo. In huta, in sake fita, in wuce inda na tsaya. Hajara kuwa tana ta kira tana cewa jikin kullum baya yake yi, ko kunu ya daina sha. Tsoro ya kama ni, kada ya tafi yana juya mini baya.

Wata safiya na rantse ba zan juyo ba. Inda yashi ya fi ƙarfina na sauka na tura, har na isa. Na same shi ya rame, ido ma da kyar yake buɗewa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo bayana, ya ji riga ta jiƙe sharkaf, ya bar hannun a wurin.

"Gobe ma ka zo," in ji shi.

Na zo, a kan keken. Tun daga nesa na hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Allah ya jiƙan Baffa Sale, ya yafe masa, ya sada shi da ƙaninsa cikin rahama. Ni kuma ya bar ni da ƙafafuna.