Goggo Ciwo da Lasisin 'Yar Ƙanenta

Duk unguwar nan babu wanda ya taɓa gaishe da Goggo Ciwo ta ce masa "Lafiya lau." Sai dai ta ce "Da sauƙi dai," ta gyara zama, ta faro lissafi daga tsakar ka har ɗan yatsan ƙafa. Shekara talatin tana ɗinkin kayan yara a shagonta na bakin titi, amma in aka cire ranakun layin asibiti, da ƙyar ta yi uku a kan keken ɗinkin. Katunan asibitinta sun cika gwangwanin maɓallai biyu. An ce akwai likitan da ya hango ta ta taga ya nemi a canza masa wurin aiki.

Ita ta riƙe 'yar ƙanenta, wadda ake kira Shiru-shiru, har ta gama makarantar koyon jinya. Yarinya ga ƙwaƙwalwa, murya kuwa ko sauro ya fi ta. A jarrabawar lasisi ta cinye ta rubutu, aka zo ta aiki da hannu, inda ake kwantar da wani ya yi ta ƙaryar ciwo masu ba da maki suna kallo. Mutumin ya ce, "Ni ba na son allura!" Shiru-shiru ta sandare kamar turken wuta. Ta faɗi jarrabawar. Aka ce ta dawo bayan sati shida, kuma in babu lasisi, babu aiki.

Goggo ba ta yi rarrashi ba. Ta kwashe yadi da almakashi daga teburin yanka, ta haye ta miƙe.

"Zo ki duba ni, Malama Nas. Shekara talatin nake karatun wannan rana."

Shiru-shiru ta wanke hannu, ta matso. "Sannu Goggo, zan gwada..."

"Eye? Da ni kike ko da aljihunki?"

"Zan gwada hawan jininki."

"Ban yarda ba. Wadda ta gwada bara sai da hannuna ya yi sati yana kuka."

Haka kullum bayan azahar. Yau Goggo kurma ce, gobe mai masifa, jibi ta sume da ido ɗaya a buɗe don ganin ko an sa safar hannu. Wata mai karɓar ɗinki ta leƙo ta tarar da ita a miƙe, ta fita tana salati, sai da aka bi ta da gudu aka ce da ranta.

A sati na biyar Goggo ta ture ma'aunin zafi ta ce gida za ta tafi. Shiru-shiru ta dafa kafaɗarta. "Goggo, kwanta. In gama, in yi miki bayani, sannan ki tafi." Har mai faci na tsallaken titi sai da ya ɗago kai. Goggo ta koma ta kwanta lakadan, tana ɓoye murmushi a gefen mayafi.

Ranar jarrabawa ta zauna a benci a waje, ta manta tana da ciwon baya. Can ta taga ta jiyo wani ƙato yana cewa ba ya so, ta kuma jiyo wata murya tar-tar tana lallaɓa shi har ya miƙa hannu. Goggo ta zunguri matar da ke kusa. "Kin ji wannan? A jikina ta koya."

Da lasisi ya fito, a shago aka rataye shi, saman keke, don Goggo ta ce rabinsa nata ne. Ta nannaɗe hannun riga. "To, duba ni da gaske yanzu."

Shiru-shiru ta gwada komai, ta ce da ƙarfi, "Goggo, lafiyarki ƙalau."

Goggo ta harare ta, idonta ya ciko da ƙwalla. "Ji yarinya! Lasisin kwana ɗaya, har ta fara magana irin ta manyan likitoci."