Abin da na ɓoye wa likita kwana biyu

Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Ba fushi na yi ba, ciwo na yi, kuma har yanzu ban gama fahimtar abin da ya same ni ba.

Ina Yendi wajen Anti Rahila, ƙanwar babana, saboda makaranta. Iyayena suna Bawku. Da zazzaɓi ya fara. Na sayi maganin maleriya a kemis, na kwanta da littafina na soyayya, ina jiran ya wuce. Har sati biyu zazzaɓin bai wuce ba. Wata safiya cikina ya ƙame kamar katako, aka kwantar da ni a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, sai asibiti.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Suka ce taifot ne, ya huda hanji. Ashe katin inshorata ma ya ƙare ba mu sani ba, sai da Anti ta sayar da awakinta. A ranar aka yi mini aiki.

Na farka da roba a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu. Ba ci, ba sha. Mamana tana jego, ba ta iya zuwa ba, Anti kuma tana koyarwa.

Matan zumunta na cocinmu suna da al'ada: in mutum ya kwanta asibiti, sai su raba kwanakin jinya a tsakaninsu. Ni kuwa a coci bencin baya nake zama, da an ce amin na gudu gida. Yawancinsu ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Sai ga su.

Wadda ta fi zuwa Mma Lariba ce, tsohuwa 'yar Salaga mai sayar da koko. Ita ke goge mini jiki, ita ke zubar da fo, ta wanke zannuwana, tana yi tana rera waƙar coci. Nakan rufe ido don kunya. Me ke mata daɗi a nan? Ban gane ba.

Likitan da ke duba ni saurayi ne, mai tabarau da magana a hankali, sak irin waɗanda nake karantawa a littattafan soyayya. Kullum da safe sai a fitar da masu jinya, ya tsaya a kaina da nas biyu ya ce, "Esta, kin yi tusa?"

Ya yi mini bayani: hanjina barci yake, iskar ce za ta nuna ya farka. In bai farka ba, za a sake buɗe cikin.

Rana ta uku da la'asar na yi. Washegari da ya tambaya na ce, "A'a." Washegari ma haka. Na ji bayaninsa sarai, ba wai ban ji ba. Bakina ne ya ƙi.

Rana ta biyar nas ta kawo wa Anti takardar aiki na biyu ta sa hannu, don cikin bai sauka sosai ba. Ina kallon biron, na ce a raina yanzu zan faɗa. Ban faɗa ba.

Mma Lariba ta shigo da bokiti ta tarar Anti na kuka. Anti ta gaya mata dalili.

"Tusa? Tusa kawai suke nema?" Ta dire bokitin. "Ai ta yi! Tun shekaranjiya take yi, ina nan ƙasan gado ina gogewa. Haleluya! Ku kira likitan!"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Hajiyar gadon kusa da ni ta ce, "Alhamdu lillahi, ni ma shaida ce."

Na ja zani na rufe kaina. Likita ya zo ya ɗora abin sauraronsa a cikina, ya daɗe. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san da mun sake yanka ki a banza?"

Da yamma aka ba ni ruwa cokali biyu. Bayan kwana biyu, kokon Mma.

Ranar sallama na tambaye ta, "Mma, ba kya ƙyama?"

Ta ce, "Ina yi mana, 'yata. Amma Ubangijinmu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutane. Ni dai in na yi, sai in koma gida zuciyata fes."

Yanzu na warke, ga tabo daga cibiya zuwa ƙasa. Na roƙa aka sa ni cikin masu zuwa jinya ranar Asabar. Farkon fo da na ɗauka sai da na yi amai a bayan ɗaki. Amma a hanyar gida na ji wani daɗin da ban san sunansa ba, kuma har yau ban san daga ina yake zuwa ba.

Na gode wa Allah. Na gode Anti, na gode Mma da matan zumunta, da likitoci da nas.

Ku tafasa ruwan sha. Zazzaɓi in ya wuce kwana uku a je a yi gwaji, a bar kemis. Ku duba katin inshorarku tun kuna lafiya.

'Yan'uwana mata, duk abin da likita ya tambaya ku faɗi gaskiya. Ko da kyakkyawa ne.