Ranar da kawuna ya tafi tayar da ɗan raƙumin dawa

Shekarun baya, lokacin ina safarar albasa daga Illela zuwa Yamai, nakan wuce wani daji gaba da Dosso inda ake kai baƙi kallon raƙuman dawa. Bakina ne ya ja mini. Na je gaida kawuna, yayan mahaifiyata, a rugarsu kusa da Gidan Katta, na cika shi da labarinsu har da ƙarin gishiri. Tsohon da bai taɓa roƙona komai ba ya ce, "In ka tashi komawa, ka tai da ni in gani da idona."

Mahaifiyata ba ta so tafiyar ba, don shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Ta ce, "Amana na ba ka. Yadda kad ɗauke shi, hakanan za ka maido man shi." Na bugi ƙirji na ce ko ƙwarzane ba zai yi ba.

Muka tsallaka Ƙonni da sassafe, bayan azahar muka isa. Mai yi mana jagora ya ja mana kunne kada mu matsa kusa, don harbin ƙafarsu ko zaki ya samu sai wani ba shi ba. Kawu ya gyaɗa kai, amma hankalinsa ya riga ya tafi. Kallonsu yake kamar ya shiga kara sayen shanu: wannan tana da ciki, wancan ya tsufa, waccan ƙafarta ba lafiya. Ni kuwa na duƙufa ɗaukar hoto da waya, don in samu abin nuna wa 'yan kasuwa.

Ina waiwayowa, babu Kawu. Can na hango shi da sandarsa, ya nufi gindin wata bagaruwa inda wani sabon haihuwa ke kwance, yana yunƙurin tashi yana faɗuwa. Nan take na gane abin da zai yi. Makiyayi in ya ga maraƙi ya kasa miƙewa, ba ya tambayar na wane ne, ɗaga shi yake ya kai shi ga nonon uwarsa. Abin da hannun Kawu ya saba ke nan tun yana yaro.

Sai ga uwar ta ɓullo daga bayan itatuwa, ta yo kansa. Na buɗe baki zan yi ihu, jagoran ya damƙe hannuna ya ce, "In ka ɗaga murya, ka kashe shi." Ni mai bugun ƙirji ban san sanda na durƙushe ba. Wallahi addu'ar da ta fara zuwa bakina ta shiga kasuwa ce. Ba abin da nake gani sai fuskar mahaifiyata.

Kawu ya tsaya cak. Ya ajiye sandar a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya fara ja da baya a hankali yana magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, irin yadda yake lallashin saniya mai jego. Ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu, sannan ta juya ta tsaya a kan ɗanta.

Da ya iso, karo na farko a rayuwata na ɗaga masa murya. "Kawu, mi yak kai ka?"

Ya ce, "Ɗa ya kasa tashi, in tsaya kallo?" Sannan ya ƙara da, "Amma laihina ne. Shanuna sun san warin hannuna, wagga ba ta san ni ba."

Muna tsaye ɗan ya miƙe da kansa, yana tangaɗi, ya kama nono.

Duk hanyar dawowa roƙonsa nake kada ya faɗa a gida. Ko zama bai yi ba ya kwashe labarin kaf ya ba mahaifiyata, har da durƙusona. Ta dube ni ta ce, "Ka dai kawo shi." Sai a lokacin na ji yunwa.

Tun daga ranar, in aka ba ni amanar mutum, waya na aljihu, idona na kansa. Kawu ya yi shekaru bayan nan, ya cika a kan tabarmarsa, ƙanwarsa na riƙe da hannunsa. Duk sanda na tuna a nan ya cika, ba a gindin bagaruwar nan ba, sai in sauke ajiyar zuciya in ce Alhamdulillahi.