Zaren da Keke Ya Kai Birni

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka kai ni ɗaki. Ɗiyata ce ke riƙe da biro, nawa faɗa ne. Na gaya mata in ta ga ina kuka kada ta ce in yi haƙuri, ta jira kawai in share ido mu ci gaba. Maganar Malam nake so a ajiye, mijina, Allah ya jiƙansa, da kekensa, da wani aiki da ya sa ni a ƙarshen zamanmu.

Malam mai gyaran famfo ne a wata makaranta can gaba da Hanwa. Daga gidanmu na Tudun Wada yake tafiya kullum a kan keke, ya haye gadar Kubanni, ya dawo bayan la'asar. Tun ina amarya na tarar da keken nan, baƙi, dogo, mai faffaɗar kariya a baya. An canja masa taya, an canja cen, an canja sirdi da feda, har yara suka riƙa tsokanarsa wai ƙararrawa ce kaɗai ta rage ta asali. Sai ya ce, "To ai ƙararrawar ce keken. Sauran duk 'yan rakiya ne."

Ban taɓa ganin mai hawan keke irinsa ba. Zaune yake cak, bayansa a miƙe kamar yana kan buzu, ba ya sauri, ba ya kuma makara. In ya hango dattijo sai ya sauka ya gaishe shi a ƙasa. In ya gamu da masu ɗauke da gawa, ya jingine keken ya bi su, ko bai san mamacin ba. Ranar Asabar yakan kife shi a tsakar gida, ƙafafu sama, ya bi cen ɗin da baƙin mai yana shafawa da gashin kaza, yana juya feda da hannu yana saurare kamar mai jin gaisuwa a rediyo.

Ni kuwa kaɗi na gada wajen kakata. In gurje auduga in fitar da gurya, in shiɓe ta da baka har ta yi laushi, in shafa alli a yatsu in murza mazari. Siririn zare ina yi, abawa mai kauri ma ina yi. Saƙar ulu daga baya na koya, wajen wata maƙwabciyarmu Inyamura mai shagon kayan shayi, mace mai dariya kamar za ta fasa rufi. Ita tana da tsinkayen saƙa na kanti. Nawa Malam ne ya yi mini, da wayoyin ƙafar keke da mai faci ya cire: ya miƙar da su, ya goga bakinsu a dutse har suka yi santsi. Da su na saƙa hulunan jarirai na rabin unguwar nan. Da su na saƙa wa sirdinsa riga ja da kore, wadda saboda ita ko a ƙofar masallacin Juma'a aka jera kekuna, kowa ya san na Malam.

Akwai abin da muke yi kowace safiya. In ya sha koko ya fito, sai ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan turmi, ni kuma in tsinko abawa in ɗaure masa bakin wando kada cen ya ci. Abokan aikinsa wasu roba suke sawa, wasu su cusa wandon cikin safa. Shi ya ce roba tana hana jini gudu. Ƙarya yake yi, Allah ya gafarta masa, so yake in fito. Ko mun kwana da faɗa, ƙafar nan za ta hau turmi, ni kuma in ɗaure ina harararsa. Ranar da na ji haushi sosai sai in tamke da ƙarfi, ya ce, "Mai mazari, ƙafar ce ta yi laifin ko bakin?"

Bayan ya yi ritaya bai sauka daga keken ba. Wata rana ya dawo daga jana'izar wani abokinsa a Gyallesu, ya zauna bai taɓa abinci ba. Can ya ce, "Na kama likkafanin nan da hannuna yau. Santsi yake kamar leda. An ce rabinsa roba ne, ƙasa ba ta cinsa." Sannan ya dube ni. "Tun da na auro ki zarenki ke ƙafata. Ina so shi zai raka ni. Ki kaɗa mini nawa."

Na ce, "A'uzubillahi! Malam, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

Ya ce, "Da wane lokaci ake yinta? Ba kiran mutuwa na yi ba, shiri ne. Kakanninmu ai a cikin adaka suke ajiye nasu."

Na yi kuka ranar, washegari na ɗauko taskirar kayan kaɗina.

Faɗar aikin ta fi yinsa sauƙi. Audugar ma sai an nema, don manoman kusa duk sun koma masara. Malam ya yi ta cigiya har ya sami wani ƙauye gaba da Dutsen Abba inda ake ɗan shukawa a gefen gona. Can yake zuwa a keke, kan babbar hanyar nan da tireloli ke wucewa kamar za su kwashe mutum, ya dawo da buhu ɗaure a kariya, auduga ta manne masa a gemu. Masaƙi kuma ɗaya ya rage wanda ya yarda zai karɓi zaren hannu, wani tsoho a cikin birni, ya girmi Malam, tari ya kama shi. Ni idona ya fara hazo, yatsuna suna sanƙarewa da safe. Mu uku ke nan, ba wanda ya san wa za a fara kira. Tsorona ɗaya ne: kada Malam ya tafi aikin bai ƙare ba, a naɗe shi a cikin abin da ya ce ba ya so.

Na duƙufa. Na ajiye saƙar ulu, masu haihuwa suka yi ta aike ina ba su haƙuri. In mazarai suka cika, Malam ya jera su a tsohuwar jakar kayan aikinsa, ya rataya a kan keke, ya shiga birni ta Ƙofar Doka ya kai wa masaƙin. In ya dawo in tare shi tun daga zaure.

"Ya isa?"

"Ya ce da saura."

Na ƙara. Damina ta wuce, aka kawo sabuwar auduga, na ƙara. Ya je ya dawo.

"Da saura."

Na ce, "Wai Malam, kai raƙumi ne? Ga ka nan kamar sillen kara, ni da nake ɗaure maka wando na san kaurin ƙafarka. Zaren da na kaɗa ai ya isa a yi wa masallaci labule!"

Ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi. "Ke kin san kaɗi, shi ya san saƙa. Kowa ya tsaya a nasa."

"Ɓarawon zare ne masaƙin nan naka. Ka gaya masa ni na ce."

"Zan gaya masa kuwa, da bakinki."

Ana cikin haka tsautsayi ya faɗa. Wani ɗan acaɓa ya goge shi wajen Ƙofar Doka, ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura, mazarai suka watse a titi. Mutanen wurin suka tsince masa su, suka rako shi gida suna tura keken. Babban ɗanmu, wanda ba na kiran sunansa, ya zo a fusace. Ya sa kwaɗo ya kulle ƙafar keken, ya jefa makullin a aljihu.

"Baba, an gama. Mutane suna zagina a gari, wai ina da mota ubana yana fama da feda. In zare ne, ni zan kai."

Malam yana kwance, ƙafa a kan matashi. Ya ce, "Lungun masaƙin nan ko jaki mai mangala sai ya karkace yake shiga. A ina za ka ajiye motar?"

"Sai in taka da ƙafa."

"Ka taka da wannan tumbin?"

Yaron ya juyo wajena. "Inna, ki sa baki mana."

Ni kuwa raina ya rabu biyu. Ina tsoron titin nan, na ga jinin da ke wandonsa. Amma na san mutumin da nake aure. Sati biyun da ya yi a kwance, ko uku ne, sai ya zama wani daban: ba ya tsokana, ba ya cin tuwo, yana ta kallon zaure. Da gwiwar ta saɓe, na kira yaron na ce, "Ubanka a kan keken nan ya ciyar da ku, a kansa ya kai ka makaranta kana riƙe da rigarsa. In ka raba shi da shi, kai ka kwantar da shi, ba ɗan acaɓa ba. Kawo makullin." Ya yi ta huci, ya ajiye a kan tabarma ya fita. Da yamma sai ga shi ya dawo da sabon birki da madubi, ya tsuguna ya ɗaura da kansa.

Washegari ƙafa ta hau turmi. Na tsinko abawa na ɗaure. Malam ya buga ƙararrawa tun yana cikin zaure, abin da ya hana yara yi shekara da shekaru.

Daga nan ya bar bin babban titin cikin gari. Ya riƙa zagawa ta lunguna, in ya zo mahaɗa ya sauka ya tura. Ni na ci gaba da kaɗi, ina yi ina addu'a Allah ya ara wa tsofaffin nan biyu kwana. Aka ce tarin masaƙi ya tashi, ya bar zama a kan masaƙa, na kasa cin abinci. Aka ce ya warware, na yi sadakar ƙosai.

Ranar da na daina tambaya, ranar ya shigo yana tura keke da ƙaton ƙunshi a kariya, an rufe da tsohon zane. Ya ce, "Mai mazari, sauke taskirarki. Ya isa." Na miƙa hannu zan kwance, ya riƙe. Ta wani gefe kawai ya bari na shafa. Fari ne, sirara-sirara kamar faɗin tafin hannu an haɗa su da ɗinki, da ɗan kaushi, har ina jin ƙullin da na yi inda zare ya tsinke mini. Ya ce, "Ba a buɗe shi sai ranarsa." Ya sa a adaka da kansa, ya zuba kanumfari saboda asu.

Allah ya ƙara mana wata damina tare. Na koma saƙar ulu, na yi masa safar hannu da sabuwar rigar sirdi. Ya ci gaba da yawonsa, gaisuwar mara lafiya, ɗaurin aure, gyaran famfon maƙwabta da ba ya karɓar komai a kai. Rannan da hantsi ya dawo daga kasuwa, ya jingine keken, ya ce kansa yana juyawa. Ya kwanta a kan tabarmata, kusa da taskira. Kafin a zo da mota ya cika, yana salati. Zaren da na ɗaura masa da safe yana ƙafarsa. Ni na kwance shi.

Dakata, 'yar nan. Bari in numfasa.

Da masu wanka suka nemi likkafani, wani ya tashi zai tafi kasuwa. Na ce a dawo da shi, Malam ya yi shirinsa. Babban ɗanmu ya buɗe adaka ya kwance zanen a gabana, sai ya tsaya.

"Inna, biyu ne."

Ƙunshi biyu ne, kowanne an ɗaure shi da abawata. Ɗaya ƙarami. Ɗayan ya fi shi girma, don na mace ya fi na namiji yawa. Malam ya san ba na karatu, bai sa a rubuta komai ba. A jikin ƙaramin ya saƙala tsohon murfin ƙararrawa, a jikin babban ya soke wani mazarina da na daɗe ina nema ina zargin jikoki. Ashe duk "da saura" ɗin nan nawa ake saƙawa. Ya san in ya ce in kaɗa wa kaina ba zan yi ba, zan ce kowane yadi ya ishe ni. Shi ya sa ya yi ta hawan babbar hanyar nan da gwiwarsa mai ciwo yana ɗauko auduga, ina yi masa tsiya yana dariya.

Aka naɗe shi a nasa. Waɗanda suka sa shi a kabari sun ce tsofaffin wurin sun yi ta shafa farin suna tambayar inda aka samo.

Ina cikin takaba aka yi sallama a zaure. Na ji tari, sannan wata murya ta tsoho ta ɗaga: "A gaya wa uwargida ɓarawon zare ya zo gaisuwa."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a haɗe, har matan da ke ɗakin suka tsorata. Daga bayan labule na ce, "Baba, ashe ya gaya maka?"

Ya ce, "Duk zuwa sai ya faɗa, har da kwaikwayon muryarki. Ya ce in na tona, zai kawo ki da kanki a kariya."

Keken yana zaure har yanzu. Yaron nan yakan zo ranar Asabar ya kife shi ya sa masa mai, ko da yake ba mai hawa. Turmi ne na sa aka matsar bayan ɗaki, don da safe ba na iya kallonsa. Nawa ƙunshin yana cikin adaka da mazarin a jiki, ban zare shi ba. Na gaya wa 'ya'yana inda makullin yake, ke ma da kike rubutawa kin ji. In ranar ta zo kada kowa ya je kasuwa. Malam ya riga ya kawo.