Ranar da Kaka Ladi Ta Ba da Shaida

Wata Lahadi da rana, a hunturun 1991, falonmu da ke hawa na tara a gidajen hayar hukuma na Edmonton, can ƙasar Turawa, ya cika ba masaka tsinke. Takalma sun taru a bakin ƙofa, gilashin taga ya yi gumi saboda tururin tuwo da numfashin mutane, mu yara kuma an zube mu a kan kafet, gwiwa na gugar gwiwa. Da safe kowa yakan je cocin Turawan unguwarsu, da rana kuma mu 'yan arewa mu haɗu a gidan ɗayanmu mu yi sujada da Hausa, ranar nan kuwa layi ya zo kanmu. Tuwon semolina aka tuƙa, miyar kuma ta kukar da wani ya ƙunso a akwati daga Jos. Shekarata tara, ina zaune inda nake hango Mama ta ƙofar kicin. Ta ba mu baya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Kafin wannan shekarar Mama ce mai ba da waƙa. In ta ɗaura zanen zumuntar mata ta ɗaga murya, sai mata su amsa, wata na buga bokitin roba a madadin tulu, har Baturken da ke ƙasanmu ya kama dukan silin da sandar tsintsiya. Baba yakan ce kiɗa yake taya mu. Sai aka haifi ƙanena Dauda, bakwaini, ya yi makonni cikin kwalba a asibiti. Babu irin addu'ar da ba a yi ba. Mata suka yi azumi, maza suka yi ta zarya in sun tashi aiki, ni ma na yi wa Allah alkawarin barin cakulan har abada. Dauda bai zo gida ba. Tun daga nan Mama ta ninke zanen nan. Tana girki, tana zuwa aikinta na sharar ofisoshi, amma ba a ƙara jin waƙa ko addu'a a bakinta ba. Na ji tana gaya wa Baba cewa daga wannan Lahadin ta gama da zumuncin sujadar nan tamu. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don a tunanina na yarinya in Mama ta bar zumunci ta bar Allah ke nan, mu ma saura ƙiris.

Ni kuwa an san ni da tambaya. Sunana Rifkatu, amma a gida Meyasa ake kirana. Na taɓa tambayar malamar makarantar Lahadi wa yake kwashe kashin dabbobi a jirgin Nuhu, ta ce in je in tambayi ubana. Baba, direban bas mai haƙuri da fasinja da 'ya'ya, yakan ce, "Matambayi ba ya ɓata." Mama ta ce, "Amma yakan sha ranƙwashi."

Aka zo lokacin shaida, inda kowa ke tashi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Wani ya samu aiki, wata kuma hukuma ta ba ta gida mai ɗaki biyu, wani ciwon bayansa ya tafi. Kowa ya gama sai a amsa, "Mun gode Allah." Ni dai bayan Mama nake kallo, kowace shaida sai in ga kafaɗunta sun ƙara sandarewa. Ban san lokacin da na ɗaga hannu kamar a aji ba. Baba Istifanus, dattijon da ke jan sujada, ya yi murmushi, ya ɗauka haddar aya zan kawo. Da Hausata mai ɗingishi na ce, "Baba Istifanus, me ya sa ba wanda yake tashi ya ce ya roƙa ba a ba shi ba?"

Wata mata ta mintsine ni a cinya. Baba Istifanus ya gyara tabarau ya fara buɗe Littafi Mai Tsarki, yana neman ayar da zai rufe mini baki da ita cikin mutunci. Sai Kaka Ladi ta ce, "Malam, dakata." Tsohuwa ce da aka ɗauko daga ƙauye a Filato don renon jikoki, ba ta jin Turanci ko na sayen burodi, kullum tana manne da hitar ɗumama ɗaki, safa kan safa a ƙafarta. Ba ta taɓa ba da shaida ba, mu kuma mun ɗauka kunya ce. Ta dafa kafaɗar na kusa da ita ta miƙe.

"'Ya'ya tara na haifa," in ji ta, "huɗu na binne. Kowannensu na roƙa, ban samu ba. Na tambaye Shi dalili, har yau bai gaya mini ba. Akwai shekarar da in na je coci leɓe kawai nake motsawa. Ko yanzu wata ran in na tashi nakan ce Masa, anya kana jina kuwa? To, amma wanda kake da shi ai shi kake kai wa kuka. Shaidata ke nan."

Sai muka ji an rufe famfo a kicin. Mama ta fito da kumfa a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kaka, ni fushi nake yi da Shi." Kaka Ladi ta koma ta zauna, ta matsa mata a kujera. "Zo ki yi fushin a nan, 'yata. Ya fi ki yi shi ke kaɗai a kicin." Mama ta zauna, ta kifa kai a cinyar tsohuwar, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Baba Istifanus ya rufe Littafin a hankali. Tuwo ya huce ranar, haka muka ci shi.

Ba zan ce komai ya gyaru nan take ba, Mama ta daɗe ba ta ba da waƙa ba. Amma Lahadi ta gaba ta sa mana rigunan sanyi, muka hau bas zuwa Stratford inda layi ya kai, ta zauna kusa da Kaka Ladi. Baba Istifanus kuma daga nan in an zo shaida yakan ƙara da cewa, "Wanda har yanzu jira yake yi, shi ma ya faɗa mu ji."

Yau zumuncin nan ya watse. Wasu sun koma gida, Kaka Ladi ta rasu, tana kwance a ƙauyensu. Cocin da nake zuwa yanzu babba ce, ga lasifika ga fitilu, shaidu duk na nasara ne ana ta tafi, ni kuwa ina kewar matsattsen falonmu. Mama ta tsufa, tana wurina. Kwanan baya 'yata ta tambaye ta da Turanci ko ta tabbata akwai Allah. Na buɗe baki zan tsawata, sai Mama ta ce, "Ƙyale ta. Wata ran nakan tabbata, wata ran kuma zuwa dai nake yi." Da irin wannan bangaskiyar aka rene ni, kuma ita ce har yau take riƙe da ni.